Washi: tambayoyi da amsoshi kan takardar hannu ta Japan da masu fasahar da ke aiki da ita

A wurinmu takarda abin rubutu ce, in ta tsufa a ƙunsa ƙosai da ita. Shi ya sa idan aka ce akwai ƙasar da ake yin bango, tufafi, fitila da manyan ayyukan baje koli da takarda, tambayoyi sukan yi yawa. Ga waɗanda aka fi yi game da washi, takardar da Japanawa ke yi da hannu, da yadda masu fasahar zamani suka shigo cikin sana'ar.

Mece ce washi, kuma me ya raba ta da takardar da muka sani?

Kalmar gaɓa biyu ce: "wa" na nufin abin Japan, "shi" kuma takarda. Takardar littafin makaranta da ta ofis, niƙaƙƙen katako ce aka jiƙa aka shimfiɗa da inji, zarenta gajere ne, shi ya sa take yagewa tsaf a miƙe. Ita kuwa washi da ɓawon ciki na wasu ƙananan itatuwa ake yin ta, kamar dai yadda ake sale ɓawon rama a murza igiya. Zaren ɓawon dogo ne, yana sarƙewa da ɗan'uwansa. Ka ɗauki falle ɗaya ka ɗaga shi wajen taga, za ka ga zaruruwan sun kwanta kan juna kamar gajimare. Ka gwada yaga shi, sai ya yi maka gardama, in ma ya yage bakinsa ya fito da gashi-gashi.

Da waɗanne itatuwa ake yin ta?

Uku ne manya. Kozo shi ne jigo, zarensa ya fi tsawo da ƙarfi, yakan kai kusan santimita 1, kuma duk shekara ake sare shi ya sake tohowa. Mitsumata, wanda kowane reshensa ke rabuwa uku, yana ba da takarda mai laushi da ɗan sheƙi. Da shi ake haɗa takardar kuɗin Japan, kuma yanzu da yawansa daga Nepal ake shigo da shi. Na ukun gampi ne, mai santsi da ƙyalli kamar siliki. Ba ya son noma, galibi a daji da tsaunuka ake samo shi, don haka ya fi tsada.

To yaya ake yin ta, daga itace har falle?

Wanda bai san wahalar wannan aiki ba zai ɗauka tsadar washi zalunci ce, don haka bari mu bi shi daki-daki.

Aikin hunturu ne. Idan ganyen kozo ya zube, sai a sare rassan, a ɗaure su dami-dami, a kifa musu babban ganga a turara su kamar dambu. Da zafinsu ake sale ɓawon, don in ya huce sai ya manne. Daga nan a kankare baƙin saman da wuƙa, a bar farin ciki. A jiƙa shi, a da ma a cikin kogi ake shimfiɗa shi ruwa da rana su wanke shi, wasu yankunan kuma a kan dusar ƙanƙara suke baza shi ya yi fari. Sai a dafa shi da ruwan toka, ko sinadarin soda a yau, har ya yi laushi, abin da ke manne zaruruwan ya narke.

Abin da ke biye shi ne chiritori, wato tsinta. Mutum zai zauna a bakin ruwan sanyi mai daskarar da yatsu, ya riƙa bin ɓawon zare-zare yana cire tabo, ƙulli da ɓurɓushin baƙi da hannu. Duk wadda ta taɓa tsince tsakuwa daga shinkafar gida ta san irin haƙurin, sai dai wannan wuni ake yi ana yi, hannu cikin ruwa. Tabo ɗaya da aka bari zai fito a fuskar takardar, ba kuma yadda za a yi da shi. Bayan tsinta sai bugu: a ɗora ɓawon kan dutse ko katako a yi ta dukansa da sanda har ya warware ya zama kamar auduga jiƙaƙƙiya.

Yanzu aka zo wurin da masu ɗaukar hoto suka fi so. A zuba zaren cikin babban kwamin ruwa, a ƙara yauƙin da suke kira neri, a dama. Mai sana'ar yana riƙe da firam na katako wanda aka shimfiɗa wa wani ɗan asabari na siraran tsinkayen gora da aka saƙa da zaren siliki. Ya kamfato ruwan, ya girgiza firam ɗin gaba da baya, ruwan na gudu a kan asabarin, ya watsar da saura, ya sake kamfatowa. Kowace kamfata tana barin shimfiɗa siririya, kaurin fallen kuma a hannunsa da idonsa yake, babu ma'auni. Wannan salo shi ake kira nagashizuki. Akwai tsohon salo, tamezuki, inda ake kamfata sau ɗaya a bar ruwan ya tsane, irin wanda Turai ta sani.

Fallayen da aka ɗebo ana jibge su kan juna a jiƙe, su kwana, washegari a matse ruwan a hankali, a ɓare su ɗaya bayan ɗaya, a shafe su da burushi a jikin allon katako su bushe a rana, ko a jikin ƙarfe mai ɗumi. Idan aka auna, kilo 100 na ɗanyen reshe bai cika ba da abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 na takarda ba.

Wannan yauƙin, da gaske ɗan'uwan kuɓewa ne?

Ƙwarai. Tsiron sunansa tororo-aoi, kuma a ilimin tsirrai gida ɗaya suka fito da kuɓewa, furensu ma kamar an tsaga kara. Saiwarsa ake daddakawa a jiƙa, ta saki yauƙi.

Mutane da yawa suna zaton gam ne mai manne takardar. Ba haka ba ne. Aikinsa ya hana zaruruwan dunƙulewa, ya sa su yi ta yawo a warwatse cikin ruwan, ya kuma rage saurin tsanewar ruwa ta cikin asabari don mai sana'a ya samu damar girgizawa. Da zarar jibgin fallaye ya kwana, yauƙin ya tsinke, shi ya sa ake iya ɓare su ba tare da an sa ƙyalle a tsakani ba. Uwar gida ta san miyar kuɓewa kan tsinke in ta daɗe ko ta sha zafi. Haka neri yake, zafi na kashe shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa takardar hunturu ta fi ta bazara kyau.

Tun yaushe Japanawa ke yin ta?

Asalin takarda daga ƙasar Sin ne, inda tarihi ya danganta kyautata ta ga Cai Lun a shekara ta 105. Tsohon kundin tarihin Japan ya ambaci wani malamin addinin Budda, Doncho, da ya zo daga Koriya a 610 yana da sanin haɗa takarda da tawada. A ma'ajiyar Shosoin da ke Nara har yau akwai takardun ƙidayar jama'a na shekara ta 702, ciki har da na lardin Mino, ana kuma iya karanta su. Shekara 1,300 da ɗoriya ke nan.

Me ya jawo masu fasahar zamani zuwa ga tsohuwar sana'a irin wannan?

Da farko bukata ce. Masu zanen salon Nihonga, wato zane irin na gargajiyar Japan, na farkon ƙarni na 20 suna amfani da launin dakakken dutse, mai nauyi, suna kuma son manyan zane-zane. Wani mai takarda a Echizen, yankin masu yin washi a jihar Fukui, mai suna Iwano Heizaburo, ya haɗa musu takarda mai kauri da ta ƙunshi zaren wiwi da kozo, wadda ke ɗaukar launi shafi kan shafi. Shahararren mai zane Yokoyama Taikan na cikin waɗanda suka yi aiki da takardarsa. A wancan lokaci dai takarda shimfiɗa ce kawai, zanen da ke kanta ake kallo.

Wanda ya juya al'amarin a idon duniya shi ne Isamu Noguchi, masassaƙi ɗan uba Bajapane da uwa Ba'amurkiya. A 1951 ya je birnin Gifu, garin masu yin fitilun takarda, a lokacin da kasuwarsu ta yi sanyi. Ya ɗauki dabararsu ta naɗa siririn gora a jikin ƙirar katako a manna washi, ya sauya siffofin, ya sa ƙwan lantarki a madadin kyandir. Ya kira su Akari, wato haske. Ya dage cewa sassaƙa ce ba kayan ɗaki kawai ba. Kamfanin Ozeki na Gifu har yau yana yin su da hannu, ana ninke su su kwanta a kwali. Fitilun takarda masu kama da ƙwallo da suka cika shagunan duniya da yawansu kwaikwayon wannan aiki ne.

Daga shekarun 1970 kuma sai wasu suka ƙi tsayawa a sayen falle. Suka tuɓe takalmi suka shiga ɗakin kwami, suka fara yin aikinsu tun zaren na cikin ruwa. A ganina nan ne ainihin sauyin yake, domin daga nan takardar kanta ta zama abin kallo. A garin Imadate na yankin Echizen an fara baje kolin fasahar takarda ta zamani tun 1979.

Su wane ne ke wannan aiki a yau, kuma me suke yi?

Eriko Horiki, haifaffiyar Kyoto a 1962, ma'aikaciyar banki ce kafin ta faɗa harkar. Ganin masu sana'a a Echizen suna aiki cikin ruwan sanyi ne ya kama zuciyarta. Ita manyan fallaye take yi don gine-gine, wanda ta saba yi ya kai mita 2.7 da mita 2.1, wasu kuma sun ninka haka sau da yawa. Firam irin wannan mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi, sai mutane da dama sun jeru suna girgizawa da murya ɗaya. Tana zana fallen tun yana jiƙe: ta jera zare mai launi, ta yarfa ɗigon ruwa da hannu ya huda shimfiɗar, a sake rufewa da wata shimfiɗa. Idan aka haska shi ta gaba, abu ɗaya za ka gani. A kunna fitila ta baya, sai zanen da ke ɓoye a ciki ya bayyana. Aikinta na nan a filin jirgin saman Narita da wasu manyan gine-ginen Tokyo.

Kyoko Ibe, wadda aka haifa a 1941, tana cikin waɗanda suka share fagen. Aikinta ne ya fi taɓa ni. Takan samo tsofaffin takardun hannu, na lissafin 'yan kasuwa da wasiƙun da gidaje suka zubar, ta narkar da su su koma zare. Tawadar da aka yi rubutun da ita ba ta fita duka, sai ta rina zaren ya yi toka-toka ko baƙi. Da wannan take zuba sabon aiki, ruwa na kai zaren inda ya ga dama, wani lokaci harafi ɗaya ya tsira ya leƙo. Abin yana da tushe a tarihinsu: bayan rasuwar Sarkin Japan Seiwa a ƙarni na 9, ɗaya daga cikin matansa ta tattara wasiƙun da ya rubuta mata, aka mayar da su sabuwar takarda, aka kwafi littafin addininsu a kai.

Yuko Nishimura ba ta sa launi ko kaɗan. Farin falle ɗaya take ɗauka ta yi ta ninkewa, ninki dab da ninki, har fuskarsa ta riƙa kaɗawa kamar rairayin da iska ta bi ta kai. Inuwa ce ke yin zanen. Kakuko Ishii da igiyar takarda take saƙa, irin wadda ake ɗaure kyauta da ita, mizuhiki. Ayomi Yoshida, daga gidan da ya shahara da bugun hoto da katako, takan buga dubban ƙananan guntaye ta lulluɓe bangon ɗaki da su. Dukkansu suna cikin mutum tara da aka haɗa ayyukansu a wani baje koli da ya zagaya gidajen tarihi na Amurka daga 2021.

Masu bugun katako kuwa ba su taɓa rabuwa da washi ba. Kowane launi da nasa bugun, ana goga bayan takardar da ƙarfi, don haka sai fallen da zai jure. Hosho, wata takardar kozo mai ƙwari, ta Iwano Ichibei na tara, wanda gwamnatin Japan ta ba shi matsayin taskar ƙasa mai rai a 2000, ita ce abin nemansu.

Takarda fa? Ruwa ba ya lalata ta?

Yana lalatawa idan an bar ta haka, amma sun daɗe da sanin magani. Akwai kakishibu, tsimin ɗanyen 'ya'yan kaki, itacen da ke dangi ɗaya da kanya. Idan aka shafa shi takarda takan yi ja-ja kamar fatar da aka jeme, ta ƙi ruwa da ƙwari. Akwai kuma kunun konnyaku, wani tushe ɗan'uwan gwaza. A shafa, a cukuikuye fallen a warware sau da yawa, sai ya yi laushi kamar yadi har a ɗinka riga. Laima kuma mai ake shafa mata. Masu zane su kan shafa ruwan gam ɗin fata da alif don kada tawada ta nashe.

Mai zanen gine-gine Kengo Kuma ya yi amfani da waɗannan dabaru a wani zauren taron ƙauye a Takayanagi, jihar Niigata, a 2000, inda takardar Yasuo Kobayashi ta maye gurbin gilashi, a yankin da dusar ƙanƙara ke zuba sosai.

Ƙarfin nan an taɓa juya shi ga sharri. A 1944 da 1945 sojojin Japan sun sa 'yan mata 'yan makaranta manna washi da konnyaku, aka yi balan-balan masu faɗin mita 10 ɗauke da bama-bamai, aka saki fiye da 9,000 iska ta kai su Amurka. Ɗaya ta kashe mace mai ciki da yara biyar a jihar Oregon a watan Mayun 1945.

An ce UNESCO ta karrama washi. Duk washi ke nan?

A'a. A 2014 hukumar ta sa sana'ar a jerin al'adun gado na duniya ta hanyar nau'i uku: Sekishu-banshi ta Hamada a jihar Shimane, wadda ta riga ta shiga tun 2009, Hon-minoshi ta Mino a Gifu, da Hosokawa-shi ta Ogawa da Higashi-chichibu a Saitama. Duka ukun kozo zalla ne. Kuma ilimin da ke hannun mutane aka karrama, da yadda ake miƙa shi ga na baya.

Wadda aka yi da inji fa, ita ma washi ce?

A kasuwa haka ake kiran ta, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna na inji ne, wani ma an gauraya shi da niƙaƙƙen katako. Ban ga laifin inji ba in an faɗi gaskiya. Kamfanin Hidaka Washi na jihar Kochi da inji yake fitar da takardar kozo mai nauyin giram 1.6 a kowace murabba'in mita, wadda in ka ɗora a tafin hannu za ka ga zanen hannunka. Masana'antar Awagami a Tokushima, ta iyalin Fujimori, tana yin ta hannu tana kuma yin wadda firintar kwamfuta ke bugawa, abin da ya jawo mata masu ɗaukar hoto daga ƙasashe da dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mutum ta inji da kuɗin ta hannu. Mai saye ya tambayi abu uku: wane zare ne, a ina aka noma shi, da me aka dafa shi. Wadda aka dafa da sinadari mai kaifi aka kuma wanke da bilic ta fi fari, amma ba ta kai ta toka daɗewa ba.

Shin sana'ar na mutuwa ne?

Ta rame ƙwarai. A 1901 gidaje fiye da 68,000 ne ke yin takardar hannu a Japan. Yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tagogin gilashi, laimar roba da takardar inji sun cinye kasuwar.

Amma inda abin ya fi tsanani ba a ɗakin kwami ba ne, a gona ne. Manoman kozo sun tsufa, da yawan ɓawon da ake aiki da shi yanzu daga Tailan da Sin yake zuwa. A 2019 hankalin masu sana'ar ya tashi da aka ji cewa 'yan tsirarun manoman Omitama a jihar Ibaraki, waɗanda ke noma mafi yawan tororo-aoi na ƙasar, suna shirin dainawa saboda tsufa da wahalar aikin. Masu saƙa asabarin gora da masu ƙera firam su ma 'yan kaɗan suka rage. Mai kallo zai tsaya gaban bangon Horiki yana mamaki, bai san cewa bangon ya dogara da wani tsoho da ke tsuguno yana cire toho a gonar saiwa ba.

Masu fasaha sun taimaka, don sun kawo odar da ke biyan kuɗi mai kyau, sun kuma jawo matasa da baƙi. Rogier Uitenboogaart, mutumin Holan, ya zo Japan a 1980, ya zauna a Yusuhara cikin tsaunukan Kochi yana noma kozonsa yana yin takardarsa. Sai dai odar baje koli ta lokaci-lokaci ce, ba ta kai cinikin takardar tagogi na kowace shekara da aka rasa ba.

Mu da ke nesa, ina ruwanmu da ita?

Akwai wuri ɗaya da ta shafe mu kai tsaye, wato gyaran tsofaffin littattafai. Tun bayan ambaliyar birnin Florence na Italiya a 1966, siririyar takardar kozo ta zama kayan aikin masu gyaran littafi a duniya. Ana manna ta da kunun alkama a kan yagaggen shafi, ta riƙe shi, rubutun na bayyane ta cikinta, in an so cirewa kuma ɗan danshi ya isa. Tengujo ta Kochi, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.03 ba, ta yi suna a wannan fage.

Gidajen malamai da yawa a ƙasar Hausa suna da Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan ajami a cikin gafaka, da yawansu a kan takardar Italiya mai tambarin wata uku da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. Idan shafi ya yage, hannu yakan kai ga salatif. Don Allah a daina. Gam ɗinsa yana rina takarda ya ci tawada, bayan 'yan shekaru ya bar tabon da ba ya fita. A ajiye shafin a kwance tsakanin fararen takardu, a nemi masu adana kayan tarihi.

A ina mutum zai ga wannan da idonsa in ya je Japan?

Echizen a jihar Fukui ita ce ta fi tara masu sana'ar wuri ɗaya, akwai gidan da baƙo ke kallon aikin daga farko har ƙarshe, har ya gwada kamfata da kansa. Ogawa ba ta da nisa da Tokyo a jirgin ƙasa. Garin Ino a Kochi yana da gidan tarihin takarda.

Wanda tafiyarsa ta faɗo a watan Oktoba kuwa ya nufi Mino. Tun 1994 garin ke shirya gasar fitilun washi, ƙwararru da ɗalibai da yara 'yan firamare kowa ya kawo tasa. Ana jera su a ƙasa, a gefen titin tsofaffin gidajen attajiran takarda, in magariba ta yi a kunna su.